Irin Riɗin da Gwaggo Juwairiyya Ta Ƙi Sayarwa

Shekara goma sha shida ke nan ina koyar da ilimin tattalin arziki a wata makarantar sakandare a Birnin Kudu, kuma ba yabon kai ba, na iya aikina. Amma darasin da na fi taƙama da shi, wato yadda kuɗi ke shigowa ƙasa daga waje da yadda suke fita, ban gane shi har zuci ba sai da ƙanwar mahaifina ta karantar da ni a tsakar gidanta a Dingaya, ita da ba ta taɓa riƙe alli ba. Sunanta Juwairiyya. Mu 'ya'yan yayyenta Gwaggo muke ce mata, sauran mutanen gari kuwa Mai Iri.

Gajeriya ce siririya, mai saurin tafiya da saurin baki. In ka je gaishe ta, kafin ka gama durƙusawa ta riga ta gaya maka ka rame, ko kuma ka yi ƙiba irin ta marasa aikin yi. Babu wanda ya tsira daga bakinta, har limamin unguwa. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya fita daga gidanta hannu rabbana ba.

Ba da noma ta fara rayuwar aure ba. Mijinta, marigayi Malam Iliyasu, ma'aikaci ne a wata masaƙa a Kano, can suka tare, yana kawo albashi, ita tana ɗinkin hula. Ana cikin haka aka shiga shekarun alif ɗari tara da tamanin, farashin ɗanyen mai ya rushe a kasuwar duniya, kuɗin waje suka ƙafe a ƙasar nan. Masaƙar ta kasa sayo rini da kayan gyaran injuna daga waje, aka dinga rufe sashe bayan sashe har abin ya zo kan na Malam Iliyasu. Suka dawo Dingaya a bayan akori-kura da katifa ɗaya, rediyo, da 'ya'ya biyu. Takan ce ita ba ta taɓa ganin rijiyar man nan ba, ba ta san masu sayensa ba, amma da ya tashi faɗuwa a cikin tukunyarta ya faɗo. Ba ta faɗin haka da ɗaci. Tana faɗa ne kamar mai ba da labarin inda ta taɓa yin tuntuɓe don kada wani ya bi ta wajen.

A lokacin surukarta, Inna Azumi, ita ce mai ajiye irin riɗi na gari. Riɗinmu fari ne tas, mai cikar ƙwaya, mai yawan mai, kuma ba daga sama ya faɗo a haka ba. Sati biyu kafin yanka ake shiga gona da safe, a bi ta kunya-kunya, duk karan da kwansonsa ya jeru tun daga ƙasa har sama a ɗaura masa zaren kaba. Dogon da ba shi da 'ya'ya a wuce shi, komai kyansa. Waɗanda aka ɗaure daban ake yanke su, daban ake kafa su su bushe, a kan tabarma ake kakkaɓe su ba a ƙasa ba. Sai a sheƙe, a shanya kwana uku, a gauraya da tokar kara mai sanyi, a zuba a tulu, a rufe bakin da ƙwarya, a liƙe da laka da kashin shanu. Gwaggo ta yi shekara tara tana bin tsohuwar nan a baya tana shan faɗa kafin aka bar ta ta ɗaura zare ita kaɗai.

Ƙa'idar garin mai sauƙi ce. Kowane gida yana ajiye irinsa. Tuluna uku na Mai Iri kuwa na ko-ta-kwana ne, don wanda gobara ta ci rumbunsa, ko wanda shukarsa ta farko ta ƙone ya rasa na maimaitawa. Irin cikinsu ba a sayar da shi, ba a kuma hana shi. Abin da kawai za ka biya shi ne ka zo da ƙafarka ka zauna ka sha faɗan Gwaggo, kuma akwai magidantan da suka ce da kuɗi aka yanka musu da ya fi sauƙi. Haka ta riƙe aikin sama da shekara talatin, da ran mijinta da bayansa.

Sai kakar dubu biyu da ashirin da uku ta zo.

Bari in ɗan yi malanta, tunda ba na iya haƙuri. Ƙasa tana sayar wa waje kaya ta karɓi dala, tana kuma sayo kaya daga waje ta biya da dala. In dalar da ke fita ta daɗe tana rinjayar wadda ke shigowa, sai dala ta yi wuya, kuɗin gida ya faɗi. Mu kuwa an sha mu a jere: annobar korona ta karya farashin mai, yaƙi ya ɓarke a Turai ya ɗaga farashin alkama da taki, masu zuba jari suka kwashe kuɗinsu suka koma gida. A shekarar nan naira ta zube warwas. Riɗi kuma kaya ne da ake fitarwa waje, da dala ake yi masa ciniki a can. Saboda haka da naira ta faɗi, sai farashinsa a kasuwar Gwaram ya yi tashin da ko a mafarki manomi bai taɓa gani ba.

Mutane suka ruɗe. Aka sayar da na sayarwa, aka sayar da na ci, daga nan aka waiwayi tulunan iri. Kowa lissafinsa ɗaya: in damina ta zo sai in saya a kasuwa, ai kuɗi na hannu. Babura sababbi suka cika gari, aka yi ta kafa kwanon rufi. Ni ma ina da 'yar gonar gado a Dingaya, kuma ni da digirina na fasa tuluna na auna wa masu saye har ƙwayar ƙarshe. Na ma tsaya a majalisa ina yi wa mutane bayanin cewa mai hankali yana sayarwa ne lokacin da kasuwa ta kai ƙololuwa.

Tulunan Gwaggo uku ne kaɗai suka rage a liƙe a garin, kuma ita ce ta fi kowa buƙatar kuɗi. Shekara huɗu ke nan likita ya ce tana da hawan jinin ido, aka ɗora ta a kan maganin ɗigawa safe da yamma, aka gargaɗe ta cewa in ta yi wasa da shi ganin da ya tafi ba ya dawowa. Daga waje ake shigo da maganin. Da dala ta yi wuya sai ya ninka kuɗi, ya sake ninkawa, daga baya ma ya ɓace daga kyamis na Gwaram da na Birnin Kudu, sai an je Kano an yi ta yawo. Autanta Zulkifli, wanda ke zaune da ita shi da matarsa Ummussalma, ya same ni har makaranta ya ce, "Yaya Hambali, kai take ganin ka yi karatu. Je ka yi mata magana. Tulu ɗaya ma ya ishe ta maganin shekara."

Na tafi ranar Asabar da hantsi cike da ƙarfin gwiwa. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa, da sanarwar cewa tumbina ya fara riga ni shiga ɗaki, na jawo zancen.

"Gwaggo, riɗi bai taɓa yin daraja irin ta bana ba. Wannan dama ce, ba kullum take zuwa ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ƙwayarsa ce ta ƙara girma?"

"A'a."

"Fari ya ƙara?"

"A'a, Gwaggo."

"To masu cin sa a can ƙasashen, su ne suka ƙara masa kuɗi?"

Nan na ɗan yi gyaran murya. Na ce a gaskiya abin da suke biya da kuɗinsu bai canza sosai ba, namu kuɗin ne ya faɗi, shi ya sa in an canza sai ya fito da yawa.

"To ka ce kuɗinku ne ya rame, Malam. Ba riɗina ne ya yi ƙiba ba." In ta ce min Malam, na san ban da sauran mutunci a wajen. Ta ci gaba, "Maganin idon nan, da wane kuɗi ake sayo shi?"

"Da dala."

"Ita dalar daga ina?"

"Daga abin da muke sayar musu. Mai, da riɗi, da zoɓo, da citta, da sauransu."

"Madalla. In na sayar da iri bana na sayi magani, baɗi me za a kai musu a samo ta sayen maganin baɗi?"

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, don tambayar da nake yi wa 'yan aji uku ce a jarrabawa aka juyo min da ita. Na ce mata tulu uku na tsohuwa ɗaya ba za su motsa ma'aunin ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗari biyu ba.

Ta ce, "Wa ya ce maka ƙasa nake riƙe da ita? Dingaya aka ba ni. Ungo gyaɗa ka kai wa yara."

Bayan kwana biyu Gerald ya zo da kansa. Mutumin Binuwai ne, ya fi shekara ashirin a Gwaram yana sayen riɗi yana tura wa masu fitarwa waje, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, kuma ba a taɓa kama sikelinsa da ha'inci ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce manyansa sun matsa masa lamba saboda akwai jirgin da ke jiran cikon kaya, kuma farin nan namu suke nema. Ya faɗi farashin da ya sa Zulkifli ya dafe bango. Gwaggo ta sa aka kawo masa kunun gyaɗa, ta bari ya sha rabi, sannan ta ce, "Mai sikeli, baɗi ma kana da niyyar zuwa garin nan, ko bana za ka yi mana sallama?" Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ya shanye kununsa, ya yi godiya, bai sake tayar da maganar ba.

Zulkifli ne bai haƙura ba. Ya ce, "Inna, idonki ya fi tulu. Mutanen da kike yi dominsu sun sayar da nasu sun sayi babur, ni ma a cikinsu. Don me ke za ki biya?" Idonsa ya kawo ruwa yana faɗa. Har yau ban ce ya yi kuskure ba. Ita dai ta ce masa amana ba ta zama tata don kawai ta shiga matsi, ta tashi ta shige ɗaki.

Muka yi abin da za mu iya. Ni da Zulkifli muka haɗa kuɗi, ya je Kano sau biyu ya samo kwalba huɗu. Duk lokacin da muka tambaya sai ta ce akwai saura, maganin yana da auki. Muka yarda, saboda yardar ta fi mana sauƙi.

Kafin azumi ya wuce kuɗin riɗi sun narke a hannun mutane. Duk abin da manomi ke saye wanda ya taɓa jirgin ruwa ya tashi: takin zamani, maganin feshi, kayan gyaran babur, man da za a zuba masa. Wanda ya yi murnar ya sayar da buhu a ninki uku ya je ya tarar da taki ya yi nasa tashin yana jiran sa. Da hadari ya fara haɗuwa aka bazama kasuwa neman iri, sai ga shi babu. Farin riɗinmu ya daɗe da tsallaka teku. Abin da ke cikin kwanon 'yan kasuwa gauraye ne, ja da baƙi da fari, tsoho da sabo, ba wanda ya san gonar da ya fito. Mutum biyu da suka yi gaggawar shuka shi a ruwan farko, rabi bai tsiro ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata safiyar Laraba, bayan ruwa na biyu, magidanta suka fara taruwa a ƙofar gidan Gwaggo, kowa yana yi kamar wucewa ya zo yi. Na zo daga Birnin Kudu na same su sun fi arba'in, na bi layi, hulata a karkace don kada ɗalibaina na da su gane ni. Sun gane ni.

Ta sa aka fito da tulunan zuwa tsakar gida. Ummussalma ta fasa lakar na farko, ƙamshin toka da riɗi ya tashi, fari tas. Na biyu ma haka. Da aka buɗe na uku sai wari ya bugo mu. Wata siririyar tsaga ce a gindinsa, danshi ya shiga, irin ya dunƙule ya yi baƙi. A shekara talatin Gwaggo ba ta taɓa zuba iri a tulu mai tsaga ba. Ta sa hannu ta shafa wajen, ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce, "Wannan laifina ne, ban gan ta ba. A kai wa kaji. Biyu za su yi."

Wani dattijo ya ce ta yaya tulu biyu za su shuka gari guda. Ta ce, "Da can ma ɓarna kuke yi, Alhaji. Kuna watsa iri kamar masu rabon goro a ɗaurin aure." Ta aika aka kawo ƙaramin gwangwanin tumatir. Kowane gida gwangwani biyu, mai babbar gona uku. Ta sa aka ɗebo yashi mai laushi, ta nuna yadda za a cuɗa gwangwani ɗaya da kwano guda na yashi, a bi layi ana ɗan barbaɗawa a kan kunya maimakon watsi, in ya tsiro a cire na cirewa a dasa a inda ya yi gibi. Kowa ya karɓi rabonsa tare da nasa faɗan, gwargwadon laifinsa. Zulkifli ma sai da ya bi layi. Da aka zo kaina ta ce, "A ba Malam biyu. Ya san lissafi, zai iya ninka su a allo." Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban da ta cewa.

Allah ya ba da damina mai kyau. Gonakin ba su kai faɗin na bara ba, amma shukar layi ta ba kowane kara sarari, ya yi rassa, ya ɗauki kwanso fiye da yadda muka saba gani. Ban ce an yi arziki ba. An dai tsira da iri, kuma farin nan bai gauraya ba. Sati biyu kafin yanka Gwaggo ta shiga gonaki da zaren kaba kamar kullum, sai dai bana Ummussalma na gabanta, ita tana baya tana shafa kara da hannu tana cewa wannan a ɗaure, wannan a wuce. Na ɗauka koyarwa ce kawai.

Da aka gama kakkaɓa, Gerald ya iso da babbar mota da sikelinsa, ya sauke a gindin tsamiyar bakin kasuwa. Kafin a ɗora buhun farko sai ga Gwaggo da mayafinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ba za a auna ko tiya ɗaya a Dingaya ba sai kowane gida ya cika tulun irinsa ya liƙe, ta zo ta duba da kanta. Wasu samari suka fara gunaguni, suna cewa farashi zai iya sauka. Kowa ya juya yana kallon Gerald, don in ya ce zai wuce wani gari, magana ta lalace. Sai ya ce wa direbansa ya kashe mota. Ya ce, "Mama ta yi gaskiya. Bara na kusa kashe sana'ata da kuɗina." Ya naɗe igiyar sikeli ya nemi benci.

Kwana uku motar nan tana tsaye, kayan da ake jira a bakin teku suna jiran tsohuwa ta gama zagaya gari. Gida-gida take bi, ta ƙwanƙwasa tulu ta saurara, ta shafa gindinsa, ta danna lakar baki da babban yatsa. Wanda ya yi daidai ta ce Allah ya yi albarka, wanda ya yi ha'inci ta sa a fasa a sake. Na ji alfahari da ita a kwanakin nan irin wanda ban taɓa ji da wani mahaluki ba.

Nawa ne na ƙarshe, don sai ranar Juma'a bayan an tashi makaranta na iso. Na liƙe shi da gaggawa na kai mata tsakar gida bayan la'asar. Ta tsuguna ta danna lakar, yatsanta ya shige. Ta ce, "Ka cika ruwa. Mota za ta ƙara kwana saboda malamin tattalin arziki." Na ɓare lakar don a sake liƙewa, na tsuguna ta hagunta ina miƙa mata ƙwaryar rufi. Hannuna yana dab da fuskarta, ba ta karɓa ba. Sai da ta juyo da kanta gaba ɗaya, ta kawo idon dama, sannan ta gan ta.

Na ce, "Gwaggo, na hagun fa?"

"Tun bayan ƙaramar salla ya tafi."

"Kwalaben da muka kawo?"

"Na ga ba za su kai ni kaka ba in na raba wa biyu. Sai na zaɓi ɗaya na dinga ɗiga masa safe da yamma yadda likita ya ce." Ta faɗa kamar mai bayanin karan da aka ɗaure da wanda aka wuce. "Kada ka gaya wa Auta yau, yana da awo gobe."

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, hawaye ya zubo min a gaban tulun.

Ta ce, "Kai, Hambali, ba a kuka a kan iri, danshi ne. Ɗebo busasshiyar ƙasa ka ƙara a lakar nan, mutane na jira."

Na tashi na ɗebo.